Arewar da Kwamiti Ya Zaɓa Mana

"Ka ce mini me? Ƙanƙara? A Arewa?" Baba Lado ya dire kofin shayinsa a kan firjin baƙala, kantin layinmu, har ya fallatsa. "Na'ibi, a Arewa aka yanke cibiyata. Ƙanƙarar da na sani a can ita ce ta cikin kular mai zoɓo."

"Ba taka Arewar ake nufi ba," in ji Kawu Na'ibi. "Shimal ake nufi. Duwatsu. Daji. Ruwa yana gudu da kansa, ba famfo ba."

"Da Hausa ya faɗa ko da Larabci?"

"Da Hausa."

"To halas. In Bahaushe ya ce Arewa, gida yake nufi. Ka je ka tambayi kakar kowa."

"Kai da ba ka da ko iƙama, takardar zama a ƙasar nan, wa zai kai ka gida ya dawo da kai?"

"Wa ya ce maka ina son a dawo da ni?"

Ina tsaye tsakaninsu. Ruwan sanyi na shigo saya, ban saya ba. Na dai buɗe firjin na cusa kaina ciki kamar mai neman wani abu, don mukayyif ɗinmu, na'urar sanyaya ɗaki, ya mutu tun farkon zafi, ba abin da yake hurawa sai ƙara. Mai baƙala bai kore ni ba. Muddin ana rigima shi ma kallo yake.

Masu karatu, ku yi haƙuri, na jefa ku tsakiyar faɗa ba sallama. Ni ma haka nake faɗa masa kullum tun bayan Sallah. Baba Lado tela ne a layinmu na Bani Malik, a nan Jidda. Umra ya zo tun ina rarrafe, har yau in ka tambaye shi sai ya ce saura kaɗan ya kammala. Kawu Na'ibi ƙanin mahaifiyata ne, direban gidan wasu masu hali a Abhur, unguwar bakin teku a gefen gari. Aminai ne. Kalma ɗaya ce ta shiga tsakaninsu, kuma ba su suka furta ta ba.

Wanda ya furta ta shi ne Mai Girma Shugaban Ƙungiyar Zumunta da Walwalar 'Yan Unguwa, Garkuwan Masu Gumi, Sarkin Fankan Bani Malik da Kewaye, Allah ya ƙara masa iska. Ranar taron Sallah ne, a zauren ƙungiya. Zauren nan shi ma mukayyif ɗinsa ya daɗe da rasuwa. An taɓa kafa kwamitin gyaransa, kwamitin ya zaga manyan otal-otal don ya ga yadda masu rai suke hurawa, ya dawo ya shaida mana suna hurawa sosai. A nan maganar ta tsaya. To a wannan zaure, muna zaune muna ɗiga kamar kitse a kan wuta, Mai Girma ya miƙe ya gyara mishlahinsa, alkyabbar manya, ya ce:

"Bana babu ɗan ƙungiyar da zai narke a Jidda. Za mu kwashi iyalai mu kai su Arewa su sha iska."

Aka yi tafi har ƙura ta zubo daga rufi. Sai dai kowa Arewarsa daban ya tafa wa. Dattawan da aka haifa a gida, gida suka ji, har wata tsohuwa ta fara lissafa sunayen waɗanda za ta gaisar, rabinsu sun mutu. Mu da aka haifa a nan, kafin kalmar ta gama shiga kunne mun juya ta zuwa Larabci: Shimal. Wato can inda masu hali ke gudu in zafi ya tsananta, arewacin Turkiyya da ire-irensa, su dawo da hotuna cikin rigunan sanyi suna huro hayaƙi ta baki. 'Yan'uwanmu na Sudan kuwa kallon juna suka yi. Abduljalil mai shagon turare ya sunkuyo kunnena ya ce, "In tamu Shimaliyar ce, ni ba ni zuwa. A can, don zafi, kaza ba ta saka ɗanyen ƙwai."

Na ɗaga hannu. Ban cika magana ba, amma na ɗaga. Na ce, "Ranka ya daɗe, wace Arewa?"

Magatakardan ƙungiya ne ya amsa, wanda muke kira Wazirin Bukra, don ba abin da ka taɓa kai masa da bai ce maka bukra ba, wato ka dawo gobe. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Yaro, don ka gama sakandare? Mu da muke gane alƙibla tun ba a haife ka ba, Arewa ce za ta ɓace mana? Zauna."

Na zauna. Daga ranar ba wanda ya ƙara tambaya. A wurinmu, tambayar babba abin da yake nufi rashin kunya ne. Gara ka fahimce shi ba daidai ba cikin ladabi.

Ni abin bai dame ni ba. Ba ni da aiki, don haka ba ni da hutu. Wanda abin ya shiga wa jini shi ne Kawu Na'ibi.

Ku gane halin da yake ciki. Duk lokacin zafi shi ke kai iyalin kafilinsa, wato ubangidansa, filin jirgi. Shi ke loda akwatunan da aka cika da rigunan sanyi, ya ɗaga musu hannu, ya dawo ya ci gaba da ba shuke-shuke ruwa da kai kuliyoyin gidan wurin likita. Ya san nauyin kayan hutu, bai san ɗanɗanonsa ba. 'Yarsa ɗaya, Razan, tun tana ƙarama duk sanda ya dawo daga filin jirgi sai ta ce, "Abuya, mu yaushe?" Yanzu ta zama budurwa ta daina tambaya. Ya ce mini dainawar ta fi tambayar ciwo.

Bana kuma matar kafilin, wadda kowa ke ce wa Madam, ba ta tafi ko'ina ba. Gwiwa ta hana. Wato bana ne aka fi bukatar direba. Kawu ya yi ta bin ta da roƙon ijaza, wato hutu, kamar mai neman aure, ya bi ta asibiti, ya bi ta kasuwa, ya bi ta gidan biki. Ranar da ta gaji ta yanke hukunci, kuma ya maimaita mana shi har na haddace.

"Tayyib. Ijaza ta wanda ya bar gari ce. In ka tafi nesa, Allah ya kiyaye. Amma in kana cikin Jidda, ko a ƙarƙashin ƙasa kake, ijaza ta ƙare, ka ɗauko makulli."

Kawu ya rantse mata zai yi nisan da ko waya ba ta kamawa. Ta ɗauki direban wucin gadi tana mita. Ta kuma tabbatar masa kada ya sake kawo mata maganar hutu sai ta manta da wannan, ita kuwa ba ta mantuwa. Hutu ɗaya ke nan a hannunsa, ya ɗora shi kacokan a kan kalmar Mai Girma.

Daga nan gidan Kawu ya koma sansanin shiri. Matarsa, Khala Mastura, ta tafi haraj, kasuwar gwanjo, ta dawo da farwa biyu, rigar nan mai gashin tunkiya a ciki wadda makiyaya ke sawa da hunturu. Mai sayarwa sai da ya tambaye ta ko lafiya. Ta haɗa yaji, ta haɗa kuka, ta haɗa daddawa, ta ɗauko babbar tukunya.

"Umm Razan, hutu za mu ko hijira?" in ji Kawu.

"Abu Razan, daji ka ce. Daji da baƙala ka taɓa gani? In yunwa ta kama ka a kan dutse, hoton za ka ci?"

"Kwamiti zai ciyar."

"Kwamitin da ya gyara mukayyif?"

Kawu ya ɗauki tukunyar da kansa ya sa a buhu.

Ya ce jiki sai da horo, kada sanyi ya same su ba shiri. Kullum bayan la'asar sai ya kwashe su zuwa babban kanti, su tsaya a sashen daskararrun kaji suna karanta kwalaye, har ma'aikaci ya fara gaishe su da suna. Ni ma na bi su. Ba don horo ba.

Razan kuwa waya ta riƙe tana kallon dazuzzukan arewa. Hausa tana jin ta tsaf, amma in za ta mayar sai Larabci ya riga fitowa. Wata rana ta sauko baƙala da wayar ta nuna wa mahaifinta wata ƙatuwar dabba mai gashi tana kamun kifi a rafi.

"Abuya, fi dubb hinak? Akwai shi can? Esh sunan shi da Hausa?"

Kawu ya duba. Ya sosa ƙeya. Ya miƙa wa Abduljalil, shi ma ya sosa tasa. Baba Lado ya karɓa ya nisanta wayar da idonsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya mayar cikin murna.

"Ka gani ko? Ba shi da suna. Abin da ba shi da suna da Hausa, babu shi a Arewa. Na ci."

"Ba taka Arewar ba, na ce!"

Aka koma farko.

Ana cikin haka manya suka nuna mana abin da ake kira shugabanci. Ni ba na zagin manya, a rubuce ko a baki. Yabo nake yi. Mai Girma ya ce ba zai jefa jama'a cikin sanyin da bai sani ba, don haka ya kafa Kwamitin Ɗanɗano Sanyi. Shi ne shugaba, Wazirin Bukra mataimaki, sai ma'aji, don asusun ƙungiya ba ya tafiya shi kaɗai. Suka tafi da matansu da 'ya'yansu, saboda a gwada sanyin a jikin mace da na yaro ma. Ku faɗa mini, ina aka taɓa ganin sadaukarwa irin wannan? Mutum ya ɗauki iyalinsa na cikinsa ya kai su bakin haɗari saboda ni da ku.

Kuma abin mamaki, wannan tafiyar ba a ce bukra ba. A ranar aka yanke, a ranar aka tashi.

Sai bidiyo suka fara shigowa zauren wayar ƙungiya. Ga Mai Girma a bakin tabki, itatuwa dogaye a bayansa, hazo na yawo a ƙafarsa, yana cewa, "Jama'a, muna nan muna wahala a madadinku." Ga shi yana cin gasasshen kifi don ya tabbatar ba shi da illa. Bai gamsu da na farko ba, ya sake gwada wani. Ga Wazirin Bukra a cikin wani akwati da ke rataye a igiya tsakanin duwatsu biyu, ido rufe, yana karanto duk addu'ar da ya sani. Ga ma'aji yana barci a kan ciyawa. Aka rubuta a ƙasa: ana auna laushin ƙasa.

Kawu ya kai wa Baba Lado wayar har kan keken ɗinki.

"To Malam Lado, wannan garinku ne?"

Baba Lado ya kalla, ya ƙara kallo. "Fim ne. Ko kuma an yi gyara bayan tahowata."

Kwamiti ya dawo da mura. Aka kira taro. Mai Girma ya shigo da mayafi a wuya, cikin zafin da ko ƙuda ba ya tashi, yana tari a hankali yadda kowa zai ji. Ya zauna, aka yi masa sannu layi-layi. Sannan ya ba da rahoto.

"'Yan'uwa, mun je, mun gani. Gaskiya ɗaya ce: sanyin can ba na talaka ba ne. Mu da muke da ɗan abin da ya rufe ƙashi, kun ga yadda muka dawo. To ina ga wanda ƙashinsa ke waje? In na kai ku can wani abu ya same ku, me zan ce wa Allah?"

Wata mata ta ce, "Allah sarki."

"Amma alkawari alkawari ne. Mun zauna, mun yi nazari, mun samo muku Arewa daidai jikinku. Ba biza. Ba neman izinin fita da dawowa wurin kafili. Ba mai tsayar da ku ya tambayi iƙama. Ku dai ku fito da iyalanku ranar Juma'a da sassafe."

Tafin ranar ya fi na farko. Na so in ɗaga hannu. Na tuna alƙibla, na fasa.

A hanyar gida Kawu ya yi ta lissafi da baki. In ba biza, to cikin ƙasa ne. In cikin ƙasa ne kuma Arewa, to duwatsun can gaban Tabuk ne, direbobi sun sha ba shi labari, har ƙanƙara takan sauka. Ba daji mai tabki ba ne, amma nesa ce, nesa kuwa ita ce sharaɗin Madam. Ya ce ma hakan ya fi, Razan ta fara da ƙaramin sanyi. Baba Lado shi ma ya yi nasa lissafin. Tafiyar da ba a tambayar takarda ita ce tafiya gida, don mai fita ba a cika tsananta masa ba. Ya ɗinka wa kansa sabuwar riga, abin da bai taɓa yi ba tun da na san shi, ya bi layi yana neman gafarar mutane.

Na ce wa Kawu, "In da ni ne, sai na tambayi sunan garin."

Ya ce, "Shi ya sa ba ka da aiki."

Juma'a da sassafe bas ta tsaya a bakin layi. Wanda bai ga Bani Malik ranar ba bai ga abin kallo ba. Rana ba ta gama fitowa ba amma iska ta riga ta yi nauyi, irin laimar Jidda da ke manna riga a baya. Ga mutane cikin farwa, ga yara cikin hular ulu, ga wata baiwar Allah da safar hannu. Maƙwabtanmu 'yan Yaman suka fito baranda suna kallo, ɗaya ya tambaya ko wani sabon ciwo ne ya shigo. Khala Mastura ta sa aka ɗaura tukunya a saman bas. Baba Lado ya zo da akwati ɗaya da butarsa, ya shiga ba ya kula kowa.

Kawu ya zauna kusa da taga. Ina bayansa. A iya sanina ranar ce ya fara zama a mota wani na tuƙawa. Ƙafarsa ta dama sai taka burkin da babu take yi. Ya ce wa direban ya rage gudu, ya ce masa ya ƙara, har Khala ta ce, "Abu Razan, yau kai kaya ne. Kaya ba ya magana."

Bas ta hau hanyar Madina ta miƙe. Arewa sak, ba mai musu. Da muka doshi filin jirgi Baba Lado ya miƙe ya rungumi akwatinsa. Bas ta wuce mashigar ba ta ko rage gudu ba.

"Direba! Ka wuce! Ya ammi, ka wuce!"

Kawu ya yi dariya har da buga kujera. "Zauna, Malam Lado. Garinku ya matsa gaba." Ya juya wurin Razan. "Ki kwanta ki yi barci, tafiya ce ta yini guda."

Baba Lado ya zauna a hankali. Bai saki akwatin ba.

Dariyar Kawu ba ta gama sauka ba bas ta kunna sigina. Ta karkata, ta hau gadar da ke kai mutum bakin teku.

"Mai za a sha," in ji Kawu.

Muka wuce gidan mai.

"Akwai wani a gaba. Ya fi araha."

Muka wuce shi ma. Ni dai ina kallon bayansa. Kafin bas ta kai kowane tudun rage gudu sai in ga ya ɗan ɗaga daga kujera. Jikinsa ya san hanyar, kansa ne ke ƙi. Ya san shagon wankin kayan da muka wuce. Ya san masallacin. Wani mai gadi da ke wanke mota ya ɗaga kai, Kawu ya sunkuya kamar ya yar da wani abu.

Masu karatun da ba su san Jidda ba, ga abin da ya faru. Abhur biyu ce, teku ya shigo ya raba su. Akwai ta kudu, akwai wadda ake kira Abhur Shimaliya. Kullum muna faɗin sunan. Direbobinmu can suke aiki, matanmu can suke aikatau. Amma da Larabci muke faɗa, a dunƙule, kamar sunan mutum. Ba wanda ya taɓa zama ya juya shi zuwa Hausa. Mai Girma ne kaɗai ya yi wannan ƙoƙarin. Shi ya sa yake shugaba.

Bas ta tsaya a ƙofar wata istiraha, irin gidan shaƙatawar da ake haya na yini. An rataya ƙyalle: Barka da Zuwa Arewa.

A yi wa kwamiti adalci, ya yi tanadi. Sanyi akwai: ɗaki ɗaya, mukayyif a ƙure, ana shiga rukuni-rukuni, mata su fara. Daji akwai: fili a baya mai ciyawar roba da bishiyar dabino, da kuliyoyi a matsayin namun dawa. Tabki akwai, sai dai ba a zuba ruwa ba, don kare rayukan yara. A jikin bango kuma an manna ƙaton hoton dajin gaske, wanda kwamiti ya ɗauko, itatuwa da hazo da komai, Mai Girma a tsakiya ya buɗe hannuwa.

Abduljalil ya duba sama ya duba ƙasa ya ce, "Alhamdu lillahi, ba tamu ba ce." Baba Lado ya ajiye akwati a gindin dabino ya zauna a kai cikin sabuwar rigarsa. Ba wanda ya tsokane shi. Ko Kawu.

Razan ce ta ba ni mamaki. Ta daɗe tana kallon hoton bangon. Sai ta zura farwar uwarta, ta je ta tsaya daidai inda jikinta zai rufe Mai Girma, ta ce in ɗauka. Na ɗauka. Wallahi in ba ka ga gumin goshinta ba sai ka rantse. Ta kai wa mahaifinta, ta tattaro duk Hausar da take da ita.

"Abuya, ba komai. Shuf. Hoto ya yi sanyi."

Kawu bai duba ba. Katangar bayan istirahar yake kallo. Wata jar fulawa ta haura ta leƙo ta samanta. Shi ya dasa ta. Sama da ita baranda ce, da labule mai ruwan zuma wanda shi ya karɓo daga wurin ɗinki.

"Gidan ne?" in ji Khala Mastura, ƙasa-ƙasa.

Ya gyaɗa kai.

"Kashe wayarka."

Ya kashe. Ya ja wuyan farwa har kunne, ya naɗe fuska da rawani, ya samu lungu tsakanin tukunyar Khala da injin janareta ya tsuguna. Kowa ya tuɓe kayan sanyi, shi kaɗai ya rage cikin nasa. Dabararsa mai sauƙi ce. Ya ɓuya har yamma, bas ta mayar da shi Bani Malik, ya kulle kansa a ɗaki har hutun ya ƙare. Ba Arewa, amma aƙalla barcin safe, da cin abinci tare da iyali a zaune. Ya ce mini, "Ko wannan aka bar mini, na gode." Na kawo masa ruwa. Da alama dabarar za ta yi.

Sai Mai Girma ya iso, cikin motarsa mai sanyi. An kafa lasifika biyu a kan katanga suna fuskantar waje, don maƙwabta su san ƙungiya na aiki. Ya karɓi makirufo daidai lokacin da aka fito da farantan shinkafa, don ya san lokacin da jama'a ke da saurin tafi.

"Akwai masu cewa ba ma cika alkawari. To ku fita ku karanta allon kan titi. Arewa ce ko ba Arewa ba?"

"Arewa ce!" in ji masu kallon shinkafa.

"Wani ya yi mura?"

"Babu!"

"An tambayi wani iƙama?"

"Babu!"

"To ku gode wa Allah, ku gode wa kwamiti. Kuma kada a ce ba ma yaba wa ƙananan mutane. Wurin nan ba da ka muka zaɓe shi ba. Mun ce, unguwar da ɗan'uwanmu Na'ibi ya shekara da shekaru yana aiki bai taɓa kuka ba, lalle iskarta mai kyau ce. Ga gidan ma nan a bayanmu. Na'ibi! Ina Na'ibi? Tashi jama'a su gan ka!"

Kawu bai motsa ba. Da abin ya tsaya nan, da an tsira, don Madam ba ta jin Hausa. Amma Mai Girma mutum ne mai tunawa da matasa. Ya ce saboda yaranmu da Hausa ta yi wa nauyi, bari ya maimaita da Larabci. Ya maimaita. Tun da nake jin fassararsa ban taɓa jin wadda ta fita daidai irin wannan ba. Sunan, da sana'ar, da gidan, har da inda yake tsugune, don wani ɗan albarka ya nuna da yatsa.

Labule mai ruwan zuma ya motsa.

Wayar Kawu a kashe take. Ta cikin jakar Khala Mastura ce ta fara ƙara. Ta ciro, ta duba, ta miƙa masa. Razan ta sunkuyar da kai. Ni kuwa ina riƙe da farantina, ina tunanin irin sa'ar da muka yi da shugabanni. Wasu nasu sai su kai su nesa su ɓatar. Namu ko ɓata mutum ba sa iya yi, sai sun sanar da inda suka ajiye shi.

Kawu ya miƙe. Ya warware rawanin. Ya ratsa tsakiyar jama'a cikin farwarsa, gumi na zuba daga haɓarsa, wayar na ta kuka a tafin hannunsa. Mai Girma ya washe baki ya miƙo masa makirufo, yana zaton godiya ce ta taso. Kawu ya karɓa da hannu biyu, ya ɗan rusuna, don shi mutum ne mai ladabi. Masu cin shinkafa suka tsaya da loma a hannu. Muryarsa ta fita ta lasifika ta haura katanga, muryar da Madam ko cikin barci ta san ta.

"Ranka ya daɗe, kai ka san hanya, kai ka kawo mu. In na ɗauka, in ce mata ina Arewa, ko in ce ta leƙo?"